Darasi: Alwatika Mai Gefe Biyu Daidai da Tsaron Gonakinmu

'Yan'uwa, kowace damina ruwan sama yana kwashe ƙasa mai albarka daga gonakin da ke kan gangare a Gammo da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo. Takin da muka saya da tsada yakan bi ruwa zuwa rafi. Maganin wannan shi ne kunya ko jerin duwatsu da suka gitta gangaren ba tare da sun karkata ba. Manoman Yatenga a Burkina Faso sun farfaɗo da gonakinsu ta wannan hanya a shekarun 1980. Sai dai ido kaɗai ba ya gane inda ƙasa take daidai. A nan ne lissafin alwatika zai taimake mu.

Ire-iren alwatika

Alwatika siffa ce mai gefe 3 da kusurwa 3. Idan aka haɗa kusurwoyin, kullum digiri 180 ne. Akwai wadda gefunanta duka sun bambanta, akwai mai gefe biyu daidai, akwai kuma mai gefe uku daidai. Ta ukun ma tana cikin dangin ta biyun, sai dai kowace kusurwarta digiri 60 ce.

Halayen mai gefe biyu daidai

1. Kusurwoyi biyu na gindinta daidai suke. Idan ta sama digiri 40 ce, na ƙasa 70 da 70 ne. Yuklid, malamin lissafi na Iskandariya a Masar, ya rubuta hujjar wannan wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu.

2. Layin da ya sauko daga sama zuwa tsakiyar gindi yana raba ta gida biyu iri ɗaya, kowanne da kusurwa mai digiri 90, irin ta lungun ɗaki.

Yadda za mu yi ma'auni

A samo sanduna biyu miƙaƙƙu, kowace mita 2, a ɗaure kawunansu. A ɗaure ta uku a gicciye, nisanta daga sama ya zama ɗaya a kowace ƙafa, kamar harafin A. A rataya dutse da zare daga sama, a yi alama a tsakiyar sandar gicciye. Zare mai dutse kullum a tsaye yake sauka, saboda haka ba zai faɗa kan alamar ba sai ƙafafun biyu suna kan ƙasa daidai.

Idan ƙafa ɗaya ta fi tsawo, alwatikar ta koma mai gefuna mabambanta, alamar tsakiya kuma za ta ruɗe mu. Don haka a gwada: a tsayar da ma'aunin, a shata inda zare ya tsaya, a musanya ƙafafun a wuri guda, a sake shatawa. Tsakanin shatin biyu nan ne alamar gaskiya.

A gona, a kafa turke a gindin kowace ƙafa, a juya ƙafa ɗaya gaba har zare ya dawo kan alama, a sake kafa turke. Layin turakun nan shi za a bi da kunya, ko duwatsu, ko a dasa jema.

Tambayoyi

Idan kusurwar sama digiri 50 ce, nawa ce kowace ta gindi? Gonar wa ruwa ya fi ci a unguwarku? Mu fara da ita tun da rani, kafin ruwan fari ya sauka.