Keken Baba da ke jingine a zaure: kada ka fara da fenti

Wani mai karatu ya rubuto mini daga Bakura. Ya ce mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, ya bar baƙin keke Raleigh da ya saya lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori. A kansa shi da ƙannensa suka koyi hawa, suna zira ƙafa ta ƙarƙashin sanda don ba su kai sirdi ba. Yau shekara kusan ashirin keken yana jingine a zaure, kaji na kwana a kan kariyarsa. Yana so ya tashe shi, kuma wani mai gyara ya ce ya kawo a kankare, a fesa sabon fenti, a zuba masa kayan zamani. Ya kai, ko kada ya kai?

Dakata tukuna, Malam. Fenti shi ne aikin ƙarshe, in ma za a yi shi.

An kammala Bakolori a 1978, ka ga keken nan ya doshi shekara hamsin. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham ne a Ingila, tun 1887 yake, kuma ya yi masana'anta a Kano, shi ya sa a da malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwar ƙauye duk burinsu Rali. Ka fara goge tambarin da ke gaban wuyan keken. Na Raleigh kan tsuntsu ne mai dogon wuya irin na zalɓe. Phoenix na Shanghai ma tsuntsu gare shi, ga kuma Hero da Avon na Indiya, duk ƙirarsu ɗaya in ka hango daga nesa: taya inci 28, birkin sandar ƙarfe, kariya mai ɗaukar buhu. A ciki ne suka bambanta, kuma a nan ake yin ɓarna.

Ka wanke shi da ruwa da sabulu, ka fito da shi rana ka duba gangar jikin. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya zuwa wurin feda. In ka ji ƙarfen ya tattare kamar goshin mai fushi, keken ya taɓa karo, ko an labta masa shinkafar da ta fi ƙarfinsa ya faɗa rami da ita. Sai ka ɗaura zare a inda tayar baya ke zama, ka zagayo da shi ta wuya, ka dawo ɗaya gefen ka ɗaure. Auna tazarar zaren da bututun sirdi dama da hagu. In sun yi daidai, jikin a miƙe yake. Tsatsar da ke sama-sama ba komai ba ce. Wadda ta huda ƙarfe, musamman a ƙasa inda ruwa ke kwanciya, ita ce ajali. In ka ga tsagewa a mahaɗa, ka sani da narkakkiyar tagulla aka haɗa waɗannan bututai, don haka mai waldar gas za ka nema. Waldar lantarki ƙona siririn bututun take yi, bayan wata biyu ya karye gefen ɗinkin.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka dakata. Tsofaffin Raleigh tiredinsu daban yake da na sauran kekuna. A gidan feda da kuma wuya, haƙora 26 ne a kowane inci, alhali akasarin kayan da ke kasuwa yau 24 ne. Ido ba ya ganin wannan bambanci. Sabon kofin gidan feda zai shiga juyi biyu lafiya lau, a na uku ya cije. Mai gyaran da bai sani ba sai ya ce tsatsa ce, ya zura wa sifana bututu ya danna da ƙarfin tsiya. Haka aka yi wa keken kawuna a gabana ina yaro. Kofin ya shiga, amma tiredin ya cinye, daga ranar feda ba ta daina rawa ba har aka sayar da keken wa 'yan gwangwan. Saboda haka duk kofi, duk noti, duk wani ɗan ƙarfe da ya fito daga keken Baba, a jefa shi cikin gwangwanin kananzir, kada a yar da ko ɗaya. In wani ya lalace ƙwarai, mataccen Raleigh za ka nema ka ciro nasa. Tsofaffin masu gyaran keke a Talata Mafara da Maradun sukan tara irin waɗannan a buhu, kuma tsoho nake nufi, wanda ya ɗaura Rali sabo da hannunsa.

Kafin a kwance komai, a jiƙa kowane noti da kananzir haɗe da ɗan baƙin mai, kwana biyu ko uku, safe da yamma. Fedar hagu da kofin gidan feda na dama a juye suke kwancewa, wato ta inda ka saba ɗaurewa. Hannun feda kuwa wata 'yar ƙusa mai noti ce ke riƙe shi. A sassauta notin ya zo daidai kan ƙusar, a tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu, sannan a buga sau ɗaya da ƙarfi. Bugun tsoro ƙanana-ƙanana lanƙwasa ta yake yi. Ita wannan ƙusa ana samun sabuwa, a dai sa ta dama da ta hagu suna kallon saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe layi ɗaya ba.

Ƙwayoyin boris a canza su duka, ba su da tsada. Shimfiɗa tsohon zani a ƙasa kafin ka buɗe wuya, domin ƙananan da ke ciki zuba suke kamar gero, kuma kana bukatar ka ƙirga su ka tafi da samfuri. Na wuya da na tayar gaba da na gidan feda girmansu uku ne daban-daban. A wanke mazauninsu, a cika da giris, ba baƙin mai ba.

Kafin ka je kasuwar ranar Talata a Mafara neman gargare, ƙirga wayoyin ƙafa. Tsohuwar ƙirar Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya, yawancin na yanzu kuwa 36. Haka taya. Ba duk mai rubutun 28 ce za ta hau ba. Taka ita ce 28 x 1½, wadda ake buga wa lamba 635. Ta kekunan gwanjo masu giya 622 ce, ko ka kwana kana fama ba za ta shiga ba. Ka sayi mai kauri tare da sabon tub, don ka san halin tsidau a hanyoyin gefen kwatamin ruwa.

Sai kwalliya. Ƙarfen da ke ƙyalli a kai da birki, a goge shi da takardar alminiyam da ruwa, samfefa karce shi za ta yi. Sirdin fata in bai yage ba a shafa masa man kaɗe kaɗan ta ƙasa, kada a ɗaure notin gabansa alhali yana bushe, tsinkewa zai yi. In ya mutu, baduku zai yanka maka wani a kan tsohon ƙarfen. Baƙin fentin kuwa, ka goge shi da tsumma mai ɗan mai ka gani. Sau da yawa siraran layukan zinariya da sunan kamfanin suna nan a ƙarƙashin ƙura. A ganina wurin da gwiwar Baba ta goge a sanda ya fi duk fentin feshi daraja, kuma ko a wajen masu tara tsofaffin kekuna, mai fentinsa na asali ya fi kuɗi.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 keke ya dawo da martabarsa, kuma Rali mai lafiya zai kai ka gona ya dawo da kai da damin ciyawa. Sai dai birkinsa ba ya kama gargaren ƙarfe sosai in ya jiƙe, don haka da damina ka riƙa jan birki tun daga nesa. In gwajin zare ya nuna jikin a miƙe yake, kuma tsatsa ba ta huda ba, ka gyara shi ka hau. In ta huda, ka goge shi ka rataye a zaure, kada ka ɗora ɗanka a kai.