Gam Ba Ya Tare Ruwa, Jinkirta Shi Yake Yi

A aikina na gyaran tankuna da bututu, kusan kullum sai wani ya ce mini, "Injiniya, ai na shafa gam, ruwa ba shi da hanya." Ni ma na taɓa yarda da haka. Na manna faci a jikin wani tankin alminiyom da gam mai haɗi biyu, ya riƙe har rani ya wuce. Damina na tsakiya sai ya ɓalle. Da na juya facin, gam ɗin duk ya biyo shi. Jikin tankin kuwa ba ko ɗigon gam, sai wani farin gari kamar toka.

Wannan garin shi ne shaidar ɓarawon, wato ruwa. Gam ko ya bushe ƙarau, yana tsotsar ruwa kaɗan-kaɗan ta gefensa, ya kumbura, ya yi laushi. Zafi na ƙara wa abin sauri. Amma babbar ɓarna tana tsakanin gam da ƙarfe. Ƙarfe ya fi son ruwa a kan gam, don haka da danshi ya isa wurin sai ya ture gam ɗin ya zauna, tsatsa ta biyo baya. In an bar maiƙo, ko da na yatsa ne, an share masa hanya ke nan.

Ba ƙananan masu gyara kaɗai abin ke kamawa ba. Ranar 28 ga Afrilu 1988, rufin wani jirgin Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sararin Hawai, a tsayin ƙafa 24,000, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Bincike ya nuna gam ɗin da ya haɗa fallayen jikinsa ya saki, danshi ya shiga, nauyi ya koma kan ƙusoshi har ƙarfen ya tsattsage.

Akwai lissafin da nake so abokan sana'a su riƙe: in ka ninka faɗin mannin sau biyu, lokacin da ruwa zai ɗauka kafin ya kai tsakiya ya kan ninku kusan sau huɗu. Saboda haka kada ka yi rowar faɗi. Kankare wurin da samfefa, wanke maiƙo, bari ya bushe sosai, in ka gama ka rufe gefuna da fenti ko silikon. Kuma don Allah, facin da ka yi da rani, koma ka duba shi a watan Agusta.