Tsutsar Kabeji: Yadda Za Ka Gane Ta da Hanyoyin Magance Ta

Gabatarwa

Manomi, babbar abokiyar gabar kabejinka ita ce wata ƙaramar tsutsa, 'yar wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi mai yawo da dare, wanda masana kimiyya ke kira Plutella xylostella. Ƙwaron ya bazu duk inda ake noman kabeji, har da Jos da fadamun arewacin Nijeriya.

Yadda za ka gane ta

Ƙwaron launin toka ne, tsawonsa bai kai santimita 1 ba. Idan ya naɗe fukafukansa za ka ga zane mai haske a jere a bayansa. Tsutsar kuwa koriya ce. Da ka taɓa ta sai ta yi mutsu-mutsu da baya, ta faɗo tana lilo da siririn zare.

Ɓarnar da take yi

Tana cin ganye ta ƙarƙashi, ta bar fatar sama shara-shara. Idan ta cinye tsakiyar ƙaramar shuka, kabejin ba zai ɗaure kai ba. A lokacin zafi, cikin mako 2 zuwa 3 ƙwai kan zama ƙwaro mai saka nasa ƙwan. Ruwan sama na kashe ƙananan tsutsotsin, shi ya sa ɓarnar ta fi tsanani a noman rani.

Hanyoyin magancewa

1. Ka dasa dashe mai lafiya, kuma ka duba ƙarƙashin ganye sau 2 a mako.
2. Bayan girbi ka tattara ragowar ganye da kututture ka binne.
3. Ka riƙa sauya shuka da albasa ko tumatir.
4. Ka daka ƙwayar dalbejiya giram 500, ka jiƙa cikin ruwa lita 10 ta kwana, ka tace, ka zuba sabulu kaɗan, ka yi feshi da yamma.
5. Kada ka dogara da maganin ƙwari iri ɗaya, domin tsutsar na saurin sabawa da shi. Tun 1953 aka ga maganin DDT ya daina kashe ta a Indunusiya.

Kafin ka sayi kowane magani, tuntuɓi malamin gona na yankinka, kuma ka kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi.