DARASIN KIWON LAFIYA: Masallaci da Coci, Hanyar Kai Mai Taɓin Hankali Asibiti

A ƙauye, idan hankalin mutum ya taɓu, ba asibiti ake fara nufa ba. Wurin liman ake zuwa, ko malamin unguwa, ko fasto. Dalili kuwa a fili yake. Suna kusa, an yarda da su, kuma ba sai an biya kuɗin mota za a gan su ba. Don haka maganarsu tana da nauyi. In sun ce a tafi asibiti, sai a tafi. In sun ce a dakata, sai a dakata, ciwo kuwa ya yi ta cin mai shi.

Mene ne taɓin hankali?

Ciwo ne kamar sauran cututtuka, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019, mutum 1 cikin kowane mutum 8 a duniya yana fama da wani irinsa. Ba mai yawo da tsumma a kasuwa kaɗai ba ne. Akwai mai baƙin ciki mai tsanani wanda ba ya wucewa. Akwai mai firgita kullum. Akwai mai jin muryoyin da kowa ba ya ji.

Abubuwa da yawa suna kawo shi. Akwai gado, akwai buguwa a ka, akwai shan wiwi, sholisho, kodin da tiramol. Akwai tashin hankali, kamar harin 'yan bindiga ko mutuwar wani na jiki. Wasu mata kuma hankalinsu yakan rikice bayan haihuwa.

Jama'a ce ke fara gani

Mutanen da ke haɗuwa sau biyar a rana, ko kowace Lahadi, sun san halin juna. Manomin da ba ya rasa sahun farko, sai a daina ganinsa. Matar da ba ta fashin Islamiyya ko zumuntar mata, sai ta kulle kanta a ɗaki. Ga alamun da ya kamata a lura da su:

1. Rashin barci kwana da kwanaki.
2. Ƙin cin abinci, ƙin wanka, da barin aikin gona.
3. Magana ko dariya shi kaɗai.
4. Zargin cewa kowa yana neman halaka shi.
5. Mai jego ta ƙi jaririnta ko ta riƙa sambatu.
6. Cewa ya gaji da duniya, gara ya mutu.

Wannan ta ƙarshe ba ta jira. Kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke maganin ƙwari, igiya da wuƙa daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Haka nan wanda ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi. Mai yiwuwa sanƙarau ne, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka. Jinkiri a nan yana kisa.

Aikin liman da fasto

Na ɗaya, su saurari iyalin maras lafiya, su riƙe sirri. Tsoron kada a ji, kada 'ya'ya su rasa mijin aure, shi ke sa a ɓoye mutum shekara da shekaru.

Na biyu, su yi addu'a, sannan su ce a tafi asibiti. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna. Wanda ya karye akan yi masa addu'a, kuma akan kai shi wurin maɗori.

Na uku, su san ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa, su riƙe lambar wayarsa. A haɗa maras lafiya da dattijo ɗaya ko ɗan agaji ya raka shi.

Na huɗu, su tara gudummawa. Kuɗin mota da na magani ne ke hana talaka komawa asibiti. Sadakar Juma'a ko baikon Lahadi suna iya toshe wannan kafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, su yi magana a huɗuba da wa'azi. Su hana yara jifa da tsokana. Ranar 10 ga Oktoba ita ce Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, ta dace da irin wannan jan hankali.

An gwada, an ga amfani

A shekarar 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Marasa lafiya suka zauna a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya.

A shekarar 2020 aka fitar da sakamakon wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana. Ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa wurin masu addu'a da masu maganin gargajiya, suna ba marasa lafiya magani a can. Bayan wata 6, waɗanda aka haɗa musu hannu biyu sun fi sauran samun sauƙi.

Abin da ba a yi

Ba a sa mutum a mari ko turu. Ba a dukansa da sunan fitar da aljani. Ba a hana shi abinci. Duka ba ya warkarwa, sai ƙarin rauni da tsoro. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu ɗaure da sarƙa. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dokar tana kare mutuncin mai wannan ciwo da haƙƙinsa.

Ina za a je?

A fara da asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba da takarda zuwa gaba. Akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano, Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri.

Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Wani yakan sa rawar hannu, sandarewar jiki ko dalalar yawu. In haka ta faru, a koma wurin likita ya gyara. Kada a daina sha don an ga sauƙi, domin ciwon yakan dawo.

Wanda ya samu sauƙi, a karɓe shi hannu bibbiyu. A matsa masa a sahu, a gayyace shi gayya da suna. Zama cikin mutane ma magani ne.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake fara zuwa wurin liman ko fasto?
2. Kawo alamu 3 na taɓin hankali.
3. Wace alama ce ba ta jira sai gobe?
4. Rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da ƙauyenku.