Amsoshin Tambayoyinku: Motsa Gwiwa Bayan Tiyata

Wani mai sauraronmu daga Mokolo ya ce an yi wa mahaifiyarsa aikin sauya gwiwa, yana tambaya ko a bar ta ta huta har ta warke.

To Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Dogon kwanciya shi ne abin gudu, domin gwiwar da ba a motsawa sandarewa take yi. Likitoci kan tayar da majiyyaci ya taka cikin awa 24 bayan aiki.

Tana kwance, ta riƙa lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa don kada jini ya daskare. Ta danna bayan gwiwa a kan katifa na daƙiƙa 5, ta saki. Sannan ta jawo diddige zuwa ɗuwawu a hankali. Matashi a ƙarƙashin diddige ake sa shi. Idan aka sa shi ƙarƙashin gwiwa, ƙafa na iya ƙin miƙewa.

Batun tsayuwa daidai ya fi damuna, ganin Mokolo gari ne a cikin duwatsun Mandara, ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba. Ta fara a tsakar gida, ta dafa bango, ta ɗaga ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, wani yana kusa. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce gaba wajen hawa, wadda aka yi wa aiki wajen sauka. Salla a kan kujera tukuna, masai ma a sa kujera mai rami.

Idan sha-raɓa ya kumbura yana zafi, ko zazzaɓi, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take.