Zaɓen Na'urar Rarraba Intanet Don Kallon Talabijin a Gida

Gabatarwa
Gidaje da dama a Bauchi sun koma kallon fina-finai irin su Labarina ta YouTube a talabijin. Na'urar da ke rarraba intanet a gida, wato rauta, ita ce ginshiƙin wannan kallo. Kafin ɗalibi ya nufi Kasuwar Wunti da kuɗinsa, ya lura da abubuwa huɗu.

1. Layi: Ƙarfin MTN, Airtel da Glo ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. A fara gwada kowane layi a waya, cikin ɗakin da talabijin yake.

2. Zango: A nemi mai zango biyu. Zangon 2.4GHz ya fi ratsa bango, na 5GHz ya fi gudu amma ba ya nisa.

3. Data: Hoto mai kyau na buƙatar gudun megabit 5 a daƙiƙa, kuma yakan cinye har gigabait 3 a awa ɗaya.

4. Wuta: Mai batir ta fi, domin da an ɗauke wuta, marar batir takan mutu ko da talabijin na kan sola.

Kammalawa
Kada araha ta ruɗi mai saye, domin araha ba ta ado. Gwajin layi shi ne farko.