Gwangwanin Ƙusa na Tsohon Kafinta

Ya mai karatu, ka taɓa miƙe lanƙwasasshiyar ƙusa? Idan ba ka taɓa ba, wannan darasi naka ne.

Sa'ad da nake yaro, wani tsohon kafinta yakan zo makarantarmu lokacin hutu domin gyaran bencina. Kayan aikinsa ba su da yawa: zarto, guduma, gizago, da wani tsohon gwangwanin madara cike da ƙusoshi. Babu sabuwa ko ɗaya a ciki. Idan benci ya karye, yakan zare ƙusoshin a hankali, ya ɗora kowace a kan dutse, ya bubbuga har ta miƙe. Ran nan na share wurin aikinsa na zubar da shara duka a bola. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai sa na koma na tsince, sai ga ƙusa bakwai. Na ji kunya ƙwarai.

Bari mu duba yadda mutanen dā suke yi da itace a ƙasarmu ta Gaya.

Allah ya ba wannan yanki ruwan sama fiye da sauran ƙasar Nijar, ya kuma ba mu giginya mai yawa a Dallol Mawuri. Daga giginya ake samun azara. Tsofaffi ba su sare kowace suka tarar ba. Namiji suke nema wanda ya tsufa, gama itacensa ya fi ƙarfi, macen kuwa a bar ta ta ba da 'ya'ya da muruci. Ƙarfin giginya a bayanta yake, cikinta taushi gare shi, yana ruɓewa da wuri. Saboda haka sukan tsaga ta a tsaye, su kankare cikin, su bar ɓangaren nan mai baƙin zare wanda gara ba ta iya ci da sauƙi. Idan ɗakin ƙasa ya faɗi, ba a barin azararsa. A zare ta, a kakkaɓe, a rufa sabon ɗaki da ita. Akwai gidajen da jika yake kwana ƙarƙashin azarar da kakansa ya tsaga. Ka tuna, giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Wanda ya shuka ta sau da yawa ba shi ne zai mori azararta ba.

Ga kuma maganar bushewa. Ɗanyen katako cike yake da ruwa. Idan ruwan ya fita sai katakon ya motse, ya karkace, ko ya tsage. Kafinta na dā yakan jera katako a inuwa, ya sa 'yan sanduna tsakani domin iska ta ratsa, ya jira watanni. Wanda ya yi maka ƙofa da ɗanyen katako da damina, da hunturu za ka ga haske ta tsakaninta. Kuɗi biyu ke nan za ka biya.

Wajen haɗi ma, ba ƙusa suka dogara gare ta ba. Yakan huda rami a katako ɗaya, ya fere bakin ɗayan daidai ramin, ya shigar, ya kulle da ɗan fegin itace. Irin wannan kujera idan ta yi sako-sako ana iya kwance ta a gyara. Guntayen da suka rage su zama ƙotar fartanya ko allo, sassaƙen kuma ya tafi murhu.

Wani zai ce talauci ne ya sa su haka. Da gaskiyarsa, kaɗan. Ƙusa da zarto daga nesa suke zuwa, ta Kwatano da Malanbil su haye gada, ko ta Kamba. A Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada ƙwarai, har waɗanda suke yi wa tsofaffi dariya suka koma tsintar ƙusa. Amma tsimi dabam, rowa dabam. Tsohon nan ba ya sa ƙusar da tsatsa ta cinye a bencin da yara za su zauna. Wannan yakan jefa ta rami ya binne, kada ta soki ƙafar wani.

Yau itacen da kansa ne yake ƙarewa. Maɗaci da ƙirya sun yi wuyar samu. Madobiya kuwa an sare ta a ƙasashen Afirka ta Yamma ana kai wa Sin, har a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu.

To, a wannan mako ka duba gidanka. Idan akwai karyayyar kujera, kada ka sa ta wuta tukuna. Juya ta ka ga inda ta karye. Sau da yawa ƙafa ɗaya ce kawai, sauran ukun lafiyarsu lau.